Shirun da Na Cike

Akwai abu ɗaya da na yi da hannuna wanda da za a ba ni dama in koma baya, shi zan fara warwarewa. Wani bawan Allah ya ba ni amanar kiɗansa in rubuta masa, ni kuma na canza wani wuri a ciki, sannan na yi ƙarya da sunansa. Shekara fiye da goma ke nan abin yana zaune a ƙirjina. Yanzu da gemuna ya yi fari, haƙorana suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, na ga gara in faɗa tun ina da baki.

Ni mutumin Zongon Kumasi ne, karatuna bai yi nisa ba. Abin da na iya bayan tuƙi shi ne busa ƙaho da karanta rubutun kiɗa, kuma a ƙungiyar badujala na koye su ina saurayi, a hannun wani tsohon saje mai saurin hannu. Da na zo Manchester sai na zama direban bas, ina kwasar 'yan jami'a daga Fallowfield in sauke su a Oxford Road. Ƙahon ya daɗe a ƙarƙashin gado kafin in ji labarin wasu mutane da suke haɗuwa ran Asabar da rana a wani zauren unguwa a Ardwick suna kiɗan jaz. Mu goma sha bakwai ne idan kowa ya zo, irin babbar ƙungiyar nan da ake ce wa big band: masu saksofon a gaba, masu tarambon, dogon ƙahon nan da ake ja ana turawa, a tsakiya, mu masu ƙaho a baya, ga ganga da fiyano da bes, babban abin kiɗan tsirkiya mai kaurin murya, a gefe. Wata Baturiya, tsohuwar malamar makaranta, ita ce shugabarmu. Mai ganga ɗan Jamaika ne. Mai fiyano kuwa wani likita ne ɗan Kano, wanda yake ajiye motarsa layi biyu baya ya ƙaraso da ƙafa don kada mutanen masallaci su gane ta.

"Malam direba," yakan ce mini, "idan ka tona ni, ni ma zan tona ka."

"Likita, ni wa ya san ni? Kai ne kake sahun gaba kusa da liman."

Mutumin da na ci amanarsa ba ya cikin ƙungiyar. A Birmingham yake, a Sparkhill, a wani ɗan flat saman shagon yadi. Unguwarmu ɗaya a gida, ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa. Da ƙuruciya shi ne babban mai busa saksofon a otal-otal ɗin Accra, mu yara muna leƙensa ta taga. A nan kuwa ma'aikatar narka ƙarfe ya yi aiki har ƙura ta cinye masa huhu. Lokacin da nake ba da labarinsa ba ya iya hawa matakalarsa sai ya huta sau biyu, balle busa. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan, 'ya'yansa kuma kowa yana garin da aiki ya kai shi.

Duk Lahadi ta biyu nakan hau mota in je wurinsa. Zai dafa shayi, ya ɗora faifai, mu zauna. Sauraro da shi aiki ne, ba hutu ba. Yakan ɗaga allurar ya mayar baya, ya ce, "Sake ji. Wa kake bi?"

"Mai ƙaho."

"Na sani. Kullum wanda ya fi ihu kake bi. Rabu da shi. Bi mai bes, shi ne yake ɗauke da su duka, ba wanda yake tafa masa."

Wata rana ya kashe faifan ya ce akwai kiɗa guda biyar a kansa, cikakku, daga farko har ƙarshe, kowane mabushi da nasa. Ya ce suna hana shi sakat. Matsalar ita ce Yaya bai taɓa koyon rubutun kiɗa ba, da kunne ya yi duk rayuwarsa. Ni kuma na iya rubutu amma ban taɓa ƙirƙirar ko layi ɗaya ba.

"Kai ne hannuna," ya ce. "Ni in rera, kai ka rubuta. Ka kai wa mutanenka na Manchester."

Haka muka fara da na farko. Yana buga cokali a gefen kofi don riƙe lokaci, ya rera rabon saksofon na ɗaya da hanci, in rubuta da fensir. Ya tsaya ya yi tari, ya sha ruwa, ya rera na biyu. Wata huɗu muka yi a kan kiɗa ɗaya. Idan na koma gida sai in zauna a teburin kicin in kwafe wa kowane mutum takardarsa da tawada, takarda goma sha bakwai. Tun a badujala saje ya koya mana dokar wannan aikin: mai kwafi ba ya gyara. Abin da mai kiɗa ya ba ka shi za ka sa, ko da ka ga kamar kuskure ne. Idan ka yi shakka, ka koma ka tambaye shi. Na san wannan dokar sarai, ba zan ce ban sani ba.

Kiɗan yana farawa a hankali, bes shi kaɗai, sannan sauran su shigo layi-layi, irin tafiyar kiɗan biki na gidanmu amma cikin rigar jaz. Yana ta hawa, yana ta zafi, har wurin da dukkanmu goma sha bakwai muke kiɗa da iya ƙarfinmu. A daidai nan, a tsakiyar jimla, Yaya ya ɗora tafin hannunsa a kan kofi.

A rubutun kiɗa ana yanka layi gida-gida, kowane gida bugu huɗu. Ya ce, "Sa gida takwas, babu komai a ciki."

"Hutun masu busa? Ganga ta ci gaba?"

"Har ganga. Kowa ya sauke."

"Yaya, gida takwas fa. A wannan saurin ma ya yi tsawo. Me ya sa?"

Ya dubi taga. A ƙasa motoci suna ta wucewa a Stratford Road, wani shago yana sakin waƙa da ƙarfi. Ya ce, "Rubuta dai."

Na rubuta. Ban sake tambaya ba. Raina ya ɗan ɓaci, don ina ganin ni ne mai ilimin takarda, ya kamata a yi mini bayani. Na ce a zuciyata tsufa ne.

Shekarun nan ne da ake ta rufe abubuwa. Laburaren da ke kusa da gidana aka fara rage masa kwanaki, sannan wata safiya na ga katako a tagoginsa. Wurin da matasa suke wasan dambe a bayan zaurenmu aka sa masa kwaɗo. A bas ɗina na fara ganin mutanen da na sani da kayan aiki suna shiga da tsakar rana da jakar abincin taimako, suna kau da kai. Kowa yana maganar council, hukumar gari, ta ce babu kuɗi. A zauren namu aka daina kunna hita, muna gwaji da rigunan sanyi, yatsu suna ƙagewa a kan ƙaho. Rufi yana yoyo a kusurwa, aka ajiye bokiti.

Wata Asabar shugabarmu ta zo da takarda a hannu, ba ta cire kwat ɗinta ba. Ta ce kwamitin zauren ya ce idan ba a sami mai tallafawa ba, ƙarshen bazara za a rufe. Akwai wata gidauniya da za ta aiko da wakiliya ta kalli wasan da za mu yi ranar wata Lahadi da rana. Ta ce mu nuna cewa mu ba tsofaffin da suke kashe lokaci ba ne, har sabon kiɗa ake rubuta mana. Kiɗan Yaya shi za a rufe wasan da shi.

Muka shiga gwaji. Duk wanda ya busa nasa sai ya ɗago ya kalle ni, don ba su taɓa jin irinsa ba. Mai ganga yana dariya yana cewa wannan tsohon naka ina ya ɓuya. Amma duk lokacin da muka iso gida takwas ɗin nan, sai abu ya lalace. Wani ya wuce da busa shi kaɗai. Wani ya ɓata lissafi ya shigo da wuri. Ranar da muka yi daidai kuwa ta fi muni: muka tsaya cak, mutum goma sha bakwai da kayan kiɗa a hannu, babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa a bokiti. Ɗis. Ɗis. Wani mai tarambon ya fashe da dariya don ya kasa jurewa.

Likita ya juyo daga kan fiyano ya ce mini da Hausa, "Malam direba, gaskiya wurin nan yana ba ni tsoro. Matar nan za ta zaci mun ɓace ne, we've lost our place. Ko ka manta shafi a Birmingham?"

"Haka ya ba ni."

Shugabarmu ta ce ita ba ta canza kiɗan mutum ba tare da izininsa ba. Ta ce in je in tambaye shi, idan ya ce a bari, za a bari, za mu koya. Na ce to.

Lahadin da ta biyo na je Sparkhill. Na same shi da wata takarda mai ruwan ƙasa a kan tebur, ofishin da ke biyansa kuɗin tallafi ya kira shi a sake auna ko ciwonsa na gaske ne. Bai yi maganarta ba, ni ma ban yi ba. Ya tambaye ni yaya gwaji, na ce lafiya lau. Ya tambaya ko tarambon suna jan ƙafa a wuri kaza, na ce mun gyara. Sau uku maganar ta zo bakina, sau uku na haɗiye. Na san abin da zai ce. Kuma ga gaskiyar da na fi jin kunyarta: tun a mota, kafin in iso, na riga na fara jin abin da zan busa a wurin. Gida takwas babu kowa, ga wakiliya a zaune, ga mutanen unguwa. Shekara ashirin ina layin baya ina busa abin da aka rubuta wa mai ƙaho na uku. Ban taɓa tsayawa ni kaɗai ba.

Asabar na ce wa shugabarmu, "Ya ce a cike. Ya ce ganga da bes su ci gaba, ni in busa a kai."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Haka ya ce?"

Na ce haka ya ce.

A makon na sake kwafe takardu uku da tawada. Na gaya wa kaina ina ceton zauren ne, kuma idan Yaya ya ji yadda ya yi daɗi zai gode mini.

Ranar wasan aka tashi da hadari mai duhu, ruwan bai sauko ba, ya tsaya a sama. Yaya ya zo shi kaɗai daga Birmingham. Na gan shi a bakin ƙofa yana riƙe da ƙarfen matakala yana maida numfashi, sanye da farar riga ta gida da ban taɓa ganinta a jikinsa ba, ya ɗora kwat a kai. Aka ba shi kujera a gaba. Mutane sun kai hamsin. Wakiliyar ta zauna a gefe da allon rubutu a cinya. Ta ji kiɗa biyu, ta duba agogo, ta raɗa wa shugabarmu cewa akwai wani zauren da za ta leƙa kafin yamma, ta fita. Ina kallonta daga baya. Kiɗan Yaya bai ma zo ba tukuna.

A nan ne ya kamata in tsaya. Da na miƙa wuya na ce wa mai ganga da mai bes mu koma yadda yake, da sun yi. Dalilin da na ba kaina ya riga ya fita ta ƙofa. Na ɗauki ƙahona.

Bes ya fara. Yaya ya rufe ido, yatsansa yana buga gwiwa. Layi-layi muka shiga, kuma wallahi ba mu taɓa busa shi da kyau kamar ranar ba. Ina ganin leɓensa yana motsi, yana bin kowa. Da muka kusa wurin sai ya gyara zama, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar mai tsayar da mota.

Sauran suka sauke. Ganga ta ci gaba. Na miƙe na busa.

Ya buɗe ido. Bai nemi kowa ba, ni ya duba kai tsaye. Hannun nan yana sama har na gama gida takwas ɗina, sannan ya sauke shi a hankali, ya mayar da hularsa. Mutane suka tafa mini. Wani ma ya yi fito.

Bayan an tashi aka kewaye shi ana gaishe shi. Likita ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya ƙara basira, wannan aiki ne." Shugabarmu ta riƙe hannunsa ta gode masa da ya yarda aka cike wurin nan. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce mata ba komai. Bai tona ni ba.

Na raka shi tashar mota. Muna tafiya muna tsayawa saboda numfashinsa. Sai da muka zauna a benci ya yi magana.

"Ƙanena, ka tuna a Zongo idan muna kiɗan biki a ƙofar gida, aka taho da makara?"

Na ce na tuna.

"Me muke yi?"

Na ce, "Muna saukewa."

"Ko a tsakiyar waƙa. Ko amarya tana rawa. Ko ba mu san wanda aka ɗauko ba. Mai kalangu ya dafe fatarsa, kowa ya miƙe, har ta wuce kwana." Ya yi tari mai tsawo. "Ranar da aka fito da yayarka, matata, daga masallaci, motar gawar ta bi ta Stratford Road. Ina gaba kusa da direba. Shaguna suna ta waƙa, bas yana mana ham, wani yaro a keke ya zage mu don mun tare masa hanya. Shekara talatin da ɗaya tana sayayya a titin nan. Ko mutum ɗaya bai tsaya mata ba. Na auna a raina, daga shagon mai nama zuwa kwana, gida takwas ne. Na ce to, mutum goma sha bakwai za su tsaya mata sau ɗaya."

"Yaya, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ashe sai na faɗa? Kai ma a can aka haife ka."

Na rantse masa zan gyara. Na ce takardun asali suna gida, a wasa na gaba za a yi shi yadda ya ba ni, zan gaya wa kowa abin da na yi. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kai mu. Motarsa ta zo, na ɗaga shi ya hau.

Wasa na gaba bai zo ba. Gidauniyar ta rubuto ta ce masu nema sun yi yawa. Ƙarshen bazara aka sa wa zauren sarƙa. Muka gwada haɗuwa a bayan wani gidan shayi, amma mutum goma sha bakwai da ganga ba su da wurin da zai ɗauke su kyauta. Mai ganga ya koma London wurin 'yarsa. Likita aka canza masa asibiti. Kafin sanyi ya shigo mun zama mu biyar, sannan babu kowa. Shugabarmu na same ta a gida na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta yi zargi tun ranar, kuma laifinta ne da ba ta nemi lambarsa ta kira shi da kanta ba. Wannan ya fi mini zafi a kan zagi.

Ban daina zuwa Sparkhill ba. Nakan tafi da fensir da takarda mai layi a jaka. Na roƙe shi gafara a fili, gwiwata a ƙasa, ya ce, "Tashi, kada ka ba ni kunya. Na yafe maka duniya da lahira." Na yarda ya yafe. Zai dafa shayi, ya ɗora faifai, har ya yi mini tsiya a kan direbobin Manchester. Amma duk ranar da na fito da fensir na ce, "Yaya, na biyun fa?" sai ya ce yau ƙirjin ba daɗi, sai wani zuwan. Wata rana na iso da wuri, ina kan matakala na jiyo shi yana rera wani abu da hanci, abin da ban taɓa ji ba, mai nauyi, a hankali. Katakon ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafata, sai ya daina rerawa. Da na shiga yana wanke kofi.

A sanyi na biyu jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ta tafi. Ya yi wata bakwai a gidan kula da tsofaffi kafin ya rasu. Idan na je nakan ga yatsan hannunsa na hagu yana buga bargo, daidai, ba ya kuskure lokaci, yana ta bin wani abu da ke gudana a kansa. Ina zaune kusa da shi da ilimin rubutuna, ba abin da zan iya ɗauka. Kiɗa huɗu suka shiga ƙasa tare da shi. Na ɗaya kuwa, wanda ya kai ga takarda, ba a taɓa busa shi a gaban jama'a yadda mai shi ya so ba, kuma matar da aka yi dominta ba a tsaya mata ba har yau.

Ni ba malami ba ne, ba ni da wa'azi. Roƙo ɗaya nake yi ga duk wanda ya karanta wannan. Idan wani ya sa abinsa a hannunka don kai ka iya abin da shi bai iya ba, kada iyawar ta sa ka ɗauka ka fi shi sanin abin da yake nufi. Wurin da ba ka gane ba, koma ka tambaye shi, ka sake tambaya ko zai ji haushi, tun yana da bakin amsawa. Kada kuma ka ce ya ce alhali bai ce ba. Ni na yi, don Allah kada ku yi.